Ranar Da Aka Ɗauke Fiyanon Auwalu

"Ni dai na gaji, Baba. Duk abin da kuka yanke shi ke nan."

Husaina ce ta faɗi haka da safiyar Asabar, tana durƙushe a ƙofar ɗakin mahaifinta a gidansu na Tarauni. Ba kuka take ba. Kukan ma ya daɗe da ƙare mata.

Malam Garba ya ajiye kofin kokonsa ya dube ta da kyau. Tsohon direban babbar mota ne, ya shekara da shekaru yana jigilar hatsi zuwa kudu kafin ya ajiye tuƙi. Mutum ne mai magana ɗaya, kuma duk 'ya'yansa mata babu wadda ya ɗaura wa auren da ba ta so.

"Ba abin da muka yanke nake son ji ba," in ji shi. "Bashir ɗan Gwaggonki Ladi ya sake turo magana. Kina so ko ba kya so?"

Daga bakin murhu mahaifiyarta, Inna Indo, ta daina fifita wuta.

Husaina ta kalli tabarma. Ta tuna 'yar biyunta Hasana, wadda ɗanta na fari ya riga ya shiga firamare. Ta tuna ƙannenta biyu da aka kai ɗakunansu ta gabanta. Ta tuna yadda malamai 'yan uwanta a makarantar da take koyarwa suka daina tsokanarta da "yaushe za mu sha biki", suka koma yin shiru idan ta shigo.

"Ina so," ta ce.

"Kin tabbata?"

"Na tabbata, Baba."

Malam Garba ya yi ajiyar zuciya mai tsawo. Rabon da ta ga fuskarsa ta saki haka har ta manta.

"Allah ya yi miki albarka. Tashi ki je."

Shekara ta uku ke nan ana abu ɗaya a gidan, a kan Auwalu.

Auwalu makaɗin fiyano ne. Maraya ne da ya taso daga Gaya ya shigo birni, ya koyi kiɗa a wurin masu waƙoƙin fim, har ya kama wani ɗan ɗaki a saman bene a Gyaɗi-Gyaɗi yana yi wa mawaƙa aiki. Tun ranar da ya fara turo magana Malam Garba ya sa aka bincika masa shi ciki da bai.

"Ban ce yaron banza ba ne," haka ya faɗa wa Husaina a lokacin. "Yana sallah, ba ya shaye-shaye, an ce ko rigima bai iya ba. Amma ba zan zauna a sahun masallaci ana nuna ni ana cewa surukina ne ke kaɗa wa mata suna rawa ba. Ya rabu da abin kiɗan nan. Ba ajiya a wurin aboki ba, ya bar hannunsa gaba ɗaya. Ya kama sana'a, ko facin taya ne, in ba shi ke."

Auwalu ya amince. Ya ce a ba shi lokaci ya sami mai saye, don da abin da zai samu ne zai kama wata sana'ar.

An taɓa samun mai saye, Husaina ta je da murna ta faɗa wa Baba, mutumin ya fasa. Aka sake samun wani, ta sake faɗa, shi ma mai sayen ya ce tsohon yayi ne, yanzu kowa da kwamfuta yake kiɗa. Ranar kallonta kawai Baba ya yi, kallon da ta gwammace a ce zaginta ya yi.

Daga nan Auwalu ya daina maganar sayarwa. Tun bayan damina duk sanda ta tambaye shi amsa ɗaya ce.

"Ki ƙara haƙuri. Akwai wani sauti da nake haɗawa."

Yakan zo zance idanu jawur, ya zauna a kan dakali yana danna yatsu a gwiwarsa kamar fiyanon na gabansa. Ta yi magana sai ta maimaita kafin ya ji. Ranar Alhamis da ta wuce kuwa ko zuwa bai yi ba. Ta yi kwalliya ta zauna, ta gaji da zama ta wanke fuskarta.

Bayan azahar ta ɗauko hijabinta.

"Ina zuwa kuma?" in ji Inna Indo.

"Gyaɗi-Gyaɗi. Zan faɗa masa."

"Ki kira shi a waya mana. Me za ki je ki yi a wannan ɗakin kiɗan yau da aka fara maganar arziki?"

"Ba maganar waya ba ce, Inna. Shekara uku ba a yanke ta a waya."

Inna ta daɗe tana kallonta, sannan ta gyara mata bakin hijabin da ya karkace.

"Kada ki shiga ciki. Ki tsaya daga ƙofa. Kuma kada ki daɗe."

A ƙofar gida ta ci karo da Bashir yana kafe babur ɗinsa. Ɗan ƙanwar Baba ne, yana sayar da kayan gyaran adaidaita sahu a Babban Giji. Mutum ne mai sanyin hali, tun suna yara bai taɓa ɗaga mata murya ba. Daga yadda ya kasa haɗa ido da ita ta gane labari ya isa gare shi.

"Ina wuni, Yaya Bashir."

"Lafiya lau, Husaina." Ya shafa ƙeya. "Kawu ya kira Umma. Na zo ne in yi masa godiya."

Ta kau da kai.

"Na san ba ni ne a ranki ba," ya ce a hankali. "Ban yaudari kaina ba. Amma wallahi ba za ki wulaƙanta a hannuna ba. Sauran kuma Allah zai kawo a hankali."

Da mugu ne da abin ya zo mata da sauƙi. Ta ce masa ta gode, ta wuce bakin titi ta tari adaidaita.

Tun daga matattakalar benen ta fara jin sautin. Ɗaya ne tak, ana danna shi, a bar shi ya mutu, a sake dannawa.

Ƙofar a buɗe take saboda zafi. Ɗakin bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, an manne bangonsa da katifar soso da kwalin ƙwai don su shanye ƙara. Auwalu na zaune ya ba ƙofa baya, gabansa doguwar na'urar nan baƙa mai madannai farare da baƙaƙe, samanta cike da maɓallan murɗawa. A gefe ga ledar gurasa da ko buɗe ta bai yi ba.

Sai da ta yi sallama sau biyu ya waiwayo. Ya rame. Gemunsa ya yi buzu-buzu. Amma yana ganinta ya miƙe zumbur, fuskarsa ta washe.

"Husaina! Allah ne ya kawo ki. Yanzu nake cewa zan kira ki. Zo ki ji, don Allah zo ki ji."

"Auwal, magana ce ta kawo ni."

"Za ki yi maganarki. Wannan dai ki fara ji."

Ta tsaya a bakin ƙofar kamar yadda Inna ta ce. Ba ta da ƙarfin musu.

"Kin san abin da muke kira fiyano a nan ba shi ne fiyano ba," ya ce yana komawa kujera. "Na ainihi akwatin katako ne ƙato, ba ruwansa da wutar lantarki. A cikinsa igiyoyin ƙarfe ne a ɗaure tamau. In ka danna nan, sai wata 'yar guduma mai laushin kai ta doki igiya. Na gan shi da idona a Sabon Gari, na sa kunnena a jikin katakon. Shi kuwa wannan nawa ba a ajiye masa wannan muryar a ciki ba. Sai dai ka gina masa ita da hannunka. Ji yadda na fara."

Ya murɗa wani abu ya danna. Wata ƙara ta fito siririya, irin ta ƙararrawar mai sayar da askirim.

"Kin ji? Roba. Na yi makonni a nan. Sai na lura na katakon ba ya riƙe murya. Yana farawa da ƙarfi, da kaifi, nan take kaifin ya faɗi, sauran ya tafi yana dushewa. Kuma na ɓangaren hagu, masu kauri, suna daɗewa kafin su mutu, na dama kuwa yanzu-yanzu sun ɗauke. Sai da na bi su ɓangare-ɓangare ina saita wa kowa tsawon ransa."

"Auwal..."

"Saura kaɗan. Na gyara wannan, ya ƙi. Ashe ita gudumar ma tana da tata ƙarar, wani ɗan 'tuk' da ke riga sautin fita. Na haɗa shi daban na ɓoye a ƙasa, in ya yi yawa ya zama kamar ana sara itace, in ya yi kaɗan ya ɓace. Sannan in ka taɓa a hankali dole muryar ta fito a lulluɓe, in ka doka ta buɗe. Duk na yi. Amma har ranar Alhamis ina jin ƙarya a ciki, na rasa daga ina take."

Ranar Alhamis. Ranar da Husaina ta zauna da kwalliya tana jiransa.

"Sai na koma na sake leƙa cikin na katakon," ya ci gaba, bai lura ba. "Yawancin madannan ba igiya ɗaya suke doka ba, uku ne a jere. Kuma ukun ba su taɓa zama daidai cif. Wata ta ɗara wata da ɗan abin da kunne ba ya kamawa, shi ne ke sa sautin yana ɗan lilo kafin ya mutu. Ni kuwa nawa na daidaita su tsaf. Sai na karkatar da su kaɗan. Ji yanzu."

Ya ɗora hannayensa biyu.

Husaina ba ta san fiyanon katako ba, ko a hoto ba ta tabbatar ta taɓa lura da shi ba. Amma abin da ya fito daga lasifikar nan bai yi kama da kiɗan biki ko na fim da ta saba ji ba. Yana da nauyi. Kowane sauti sai ya faɗo, ya tsaya a ɗakin, ya tafi a hankali kamar ba ya son tafiya. Ta ji tsigar jikinta ta tashi. Ta kalli bayan wuyansa, ta kalli yadda kafaɗunsa suka sauka, yadda ya rufe ido.

A ranta ta ce, wannan mutumin ba zai taɓa rabuwa da abin nan ba. Na yi daidai.

Hawayen da take zaton sun ƙafe suka zubo.

Ya ɗaga hannu ya juyo yana murmushi. Murmushin ya tsaya.

"Lafiya? Me ya faru?"

"Wannan ne ya hana ka zuwa ranar Alhamis?"

"Husaina, wallahi na so in..."

"Na zauna da kwalliya har Inna ta ce in tashi in cire. Ka san sau nawa na kare ka a gidanmu? Gwaggo Ladi ta zo ta ce zan tsufa a gida ina jiran maroƙi, na ce kai ba maroƙi ba ne. Hasana ta ce wasa kake da hankalina, na yi wata ban yi mata magana ba. 'Yar biyuna, Auwal! Baba ya daina cin abinci in ni na kai masa, sai Inna ta karɓa ta miƙa. Duk na shanye. Abu ɗaya aka ce ka yi. Ɗaya. Kai kuma kana nan kana saita wa igiya tsawon rai."

"Ki saurare ni."

"Na gaji da saurare. Kullum ki ƙara haƙuri, ki ƙara haƙuri. Haƙurin ya ƙare. Ni ma mutum ce." Ta share fuska da gefen hijabi. "Yau da safe Baba ya tambaye ni maganar Yaya Bashir. Na ce ina so."

Fankar sama na juyawa tana ƙara.

"Kika ce me?"

"Na ce ina so. Ba wanda ya tilasta ni. Da bakina na faɗa."

Ya dafa gefen teburin kamar wanda jiri ya ɗiba.

A daidai nan aka jiyo takun mutum yana hawowa da sauri, yana waƙa ƙasa-ƙasa. Wani ƙaƙƙarfan mutum ne mai faɗin fuska, riƙe da tsohon bargo a naɗe. Yana ganin Husaina ya washe baki.

"A'a! Amaryarmu ce da kanta? Sannu, sannu. Ni ne Emeka, na san ya ba ki labarina." Hausarsa tas, ta haifaffen Kano. Ya leƙa ciki. "Maigida, adaidaita na ƙasa yana jira. An gama?"

"An gama," in ji Auwalu, muryarsa can ƙasa.

Husaina ta dubi wannan ta dubi wancan.

"Me aka gama?"

"Au, bai faɗa miki ba?" Emeka ya yi dariya. "Wannan mutumin naki akwai zurfin ciki. Ni nake kaɗa fiyano a cocinmu a Sabon Gari. Muna da wani tsohon na katako tun zamanin kakanni, gara ta cinye shi, mai gyara ya ce sai dai a yi itacen wuta da shi. Dattawanmu kuma suka ce ba za a sayi na lantarki ba sai in zai yi irin muryar wancan. Musamman Mama Felicitas, shugabar mawaƙanmu, ita kunnenta ba a yi masa wayo. Auwalu ya ce zai iya. Sau nawa muna kawo ta nan tana cewa bai yi ba, ya sake. Jiya ya kunna mata ta waya, ta ce a je a ɗauko."

Ya matsa ya danna madannai kaɗan da hannu ɗaya, ya girgiza kai.

"Kai! Gobe akwai kuka a coci."

Husaina ta ja da baya. Ta jingina da ƙyauren.

"Sayar da shi ka yi?"

Auwalu ya gyaɗa kai. Ya miƙe ya fara zare wayoyin da ke bayan na'urar ɗaya bayan ɗaya, yana naɗe kowace a hannunsa.

"Tsaya," ta ce. "Auwal, tsaya. Kada ka bayar. Yanzu me zai amfana? Kada ka rasa biyu."

Emeka ya dubi fuskokinsu, dariyarsa ta ɗauke.

"Ko in jira a ƙasa?"

"A'a, ɗauki," in ji Auwalu. "Na riga na yi musu alkawari. Mutane sun dogara da shi gobe."

Su biyu suka naɗe fiyanon a bargo. Husaina ta matsa gefe suka wuce da shi, Emeka a gaba yana ja da baya, Auwalu yana ce masa ya kula da kwanar matattakala. Ta ji tashin adaidaitan, ta ji ƙararsa ta shige cikin hayaniyar titi.

Da ya dawo sai ya zauna a kujerar, gabansa teburi fayau, sai sawun ƙura mai kusurwa huɗu inda na'urar ta shekara tana zaune. Ya rasa inda zai sa hannayensa, ya haɗe su a tsakanin gwiwoyi.

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?" ta ce. "Kalma ɗaya, Auwal. Da ka ce min akwai mai saye."

"Na faɗa miki a baya, har sau biyu. Kika je kika faɗa wa Baba, abin ya rushe. Na ga yadda kika dawo ranar, ko kallona ba kya iya yi. Na rantse ba zan sake sa ki ɗauki maganata ki kai gabansa ba sai abin ya tabbata. Kuma ban san zan iya ba, Husaina. Wallahi ban sani ba. Akwai ranakun da na ce ba zai yiwu ba, na kifa kai a kan teburin nan."

"Da ka bar ni na ɗauki rabin nauyin."

"Nauyin da ke kanki ya isa."

"Shirunka ya fi shi nauyi!"

Ya sunkuyar da kai. Ta ga ɗigon hawaye ya faɗa a kan wandonsa.

"Akwai wani dattijo a kasuwar Tarauni mai gyaran lasifika da na'urorin ƙara sauti na masallatai," ya ce. "Ya yarda in kafa teburi a gefen rumfarsa. Jibi zan fara. Na so gobe in zo da hular kirki in durƙusa gaban Baba in ce na cika."

Ta toshe baki da hijabi tana kuka sosai, kafaɗunta na girgiza. Wani mai shago a ƙasa ya leƙo ya koma.

"Yanzu ya zan yi?" ta ce. "Ka faɗa min ya zan yi."

"Ba zan ce ki kunyata mahaifinki ba. Ya ba ni lokaci fiye da yadda wani uban zai bayar. Bashir kuma mutumin kirki ne, na sani." Ya goge ido da bayan hannu. "Ni na yi latti. Ki je gida, kada a neme ki."

Ta juya ta sauka daga benen.

Ba ta hau adaidaita ba a komawa. Da ƙafa ta bi gefen titi, ta wuce masu kifi da masu gyaran waya, ana yi mata hon tana kaucewa ba tare da ta san ta kauce ba. Tana ta shirya yadda za ta sami Inna a keɓe, Inna ta lallaɓa Baba cikin kwana biyu, kafin magana ta fita.

Tana shawo kwanar layinsu bayan la'asar ta hangi motoci biyu a ƙofar gida.

Gwaggo Ladi ba ta jira kwana biyu ba. Ko wuni ba ta bari ya cika ba.

Takalman maza sun cika bakin zauren. Daga ciki tana jiyo muryar Baffa Zakariyya, ƙanin Baba, da wasu muryoyin da ta gane na baffannin Bashir ne. Ga ƙwaryar goro da katan ɗin alawa a tsakiyar tabarma. Ta ja hijabi ta rufe rabin fuska, ta yi sallama ƙasa-ƙasa za ta raɓa ta shige.

"Yauwa, ga ta nan," in ji Malam Garba. Muryarsa cike da fara'a. "Husaina, dakata. Ku yi haƙuri, na san ba a saba haka ba. Amma an daɗe ana ce-ce-ku-ce a kan yarinyar nan, ba na son gobe wani ya ce na yi mata dole. Durƙusa daga nan. Faɗa wa iyayenki abin da kika faɗa min da safe."

Ta durƙusa a bakin ƙofar cikin gida. Ta bayan labule tana jin numfashin Inna da ƙarar awarwaron Gwaggo Ladi.



Ta kalli Baba. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Yana murmushi, yana gyaɗa mata kai alamar ta yi magana, kada ta ji kunya.

"Baba," ta ce. "Baba, ka yafe min. Abin da na faɗa da safe gajiya ce ta sa ni. Ba gaskiya ba ne."

Wani daga cikin baƙin ya yi gyaran murya.

"Auwalu ya sayar da abin kiɗan. A gabana aka ɗauke shi yau. Jibi zai fara gyaran lasifika a kasuwa. Ya cika abin da ka ce, Baba. Yaya Bashir bai yi min laifin komai ba, amma in na aure shi na cuce shi."

"Innalillahi!" Gwaggo Ladi ta faɗa daga bayan labule. "Yaya, kana ji? A gaban mutane? Mu za a mayar 'yan wasa?"

"Ladi, ya isa," in ji Malam Garba, bai ɗaga murya ba.

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya daɗe yana kallon ƙwaryar goron. Sannan ya sa hannu biyu ya tura ta a hankali zuwa gaban babban baffan Bashir.

"Alhaji, ku yi haƙuri. Ni na kira ku, ni na ɓata muku wuni. Laifina ne da ban bari magana ta kwana ba. Ku ba Bashir haƙuri, ku ce kawunsa ya ji kunya."

Baƙin suka yi 'yan maganganun da ake yi, Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, aure nufin Allah ne. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna neman takalma. Gwaggo Ladi ta fito fuu ta wuce ta gefen Husaina, mayafinta ya shafi fuskarta, ba ta ko dube ta ba.

Zauren ya rage daga Baba sai Baffa Zakariyya sai ita.

"Na tambaye ki kin tabbata," in ji Malam Garba. "Kika ce kin tabbata."

"Baba, ban san..."

"Ban taɓa yin magana biyu ba tun ina saurayi. Yau kin sa na yi, da furfurata, a gaban surukan ƙanwata." Ya numfasa. "Na ce in yaron ya rabu da kiɗa zan ba shi ke. Ba zan janye ba. Amma ba da hannuna ba. Zakariyya, ga 'yarka nan. In sun turo ka karɓa, ka sa rana, ka ɗaura. Kada a sake kawo min maganar."

"Yaya, a yi haƙuri, yarinya ce..."

"Ba yarinya ba ce. Da yarinya ce da ban ji ciwo ba."

Ya yunƙura zai tashi, gwiwarsa ta ƙi. Husaina ta yi saurin miƙa hannu. Ya dafa bango, ya miƙe da kansa, ya ɗauki butarsa ya fita.

Ta daɗe a durƙushe a wurin. Inna ce ta zo ta ɗago ta, ta kai ta ɗaki ta ja mata ƙofa.

Ta zauna a bakin gado ta ciro waya. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Husaina?"

"Ka turo manyanka," ta ce. "Wurin Baffa Zakariyya za su je."

Ta ji ya ja numfashi da ƙarfi.

"Baba ya yarda? Husaina, Baba ya yarda? Alhamdulillahi! Alhamdulillahi! Gobe da sassafe zan zo in gaishe shi, in yi masa godiya da bakina. Wace hula kike ganin zan sa?"

Ta janye wayar daga kunnenta ta kife ta a kan katifa, don kada ya ji kukanta.